Safar matse ƙafa da ta hannu: Yadda take aiki, wanda take yi wa amfani da wanda take cutarwa

A gasar tanis ta Faransa ta shekarar 2018, Serena Williams ta fito fili sanye da baƙar riga mai ɗame jiki tun daga kafaɗa har idon sawu. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan shigar, har shugaban hukumar tanis ta Faransa na lokacin, Bernard Giudicelli, ya ce ba za a sake amincewa da irinta ba. Ita kuwa ta bayyana cewa akwai dalilin lafiya a ciki. Ta daɗe tana fama da daskarewar jini, kuma bayan haihuwar da ta yi a watan Satumban 2017 gudajin jini sun toshe mata hanyoyin huhu, ta sha da ƙyar.

Rigar tata dangi ce ga wani kayan asibiti da ake kira safar matsi, wato safa mai roba da aka saƙa musamman don ta matse ƙafa ko hannu da wani ƙayyadajjen ƙarfi. Ana ganinta a ƙafafun waɗanda aka yi wa tiyata, da masu juna biyu, da matafiya a jirgin sama, da kuma a hannun matan da suka yi jinyar sankarar mama. Duk da kamar da take yi da tufa, likitoci suna lissafa ta cikin magunguna, domin tana da ma'auni, tana da waɗanda ta dace da su, kuma tana iya yin ɓarna idan aka sa ta inda bai kamata ba.

Me ya sa ƙafa ke kumbura

Zuciya tana tura jini zuwa ƙafa ba tare da wahala ba, tun da gangara ce. Dawowar ita ce aiki. Jinin da ya isa tafin ƙafa sai ya hau sama fiye da mita ɗaya kafin ya koma zuciya, kuma abubuwa biyu ne ke taimaka masa. Na farko naman sha-raɓa, wanda duk takun da mutum ya yi yake matse jijiyoyin da ke cikinsa ya cilla jini sama. Na biyu wasu ƙananan ƙyamare ne a cikin jijiyoyin, masu buɗewa ta gefe guda kawai, waɗanda ke hana jinin da ya hau ya sake zubowa.

Idan mutum ya tsaya cik, nauyin jinin da ke danna jijiyar idon sawunsa yakan kai mmHg 80 zuwa 90, wato da irin ma'aunin da ake auna hawan jini. Da zarar ya fara tafiya sai ya faɗo ƙasa da 30. Wannan ya sa ɗan sandan da ya wuni a tsaye a kan titi, da malamar aji, da wanzami, da ma'aikaciyar jinya, da direban tirela da ke zaune daga Legas zuwa Kano suke jin ƙafa ta yi nauyi da yamma. Idan ƙyamaren nan suka lalace, saboda gado ko yawan haihuwa ko ƙiba ko wani gudan jini da ya taɓa toshe jijiyar, tafiya ma ba ta rage nauyin yadda ya kamata. Jijiyoyi sai su fito ruɗu-ruɗu, ƙafa ta kumbura, fatar ƙwauri ta yi duhu ta yi tauri, daga ƙarshe wani lokaci ta fashe ta zama gyambon da ba ya jin magani.

Akwai kuma wata magudana ta biyu da ba a cika sanin da ita ba. Kullum wani farin ruwa yana tsattsafowa daga ƙananan jijiyoyin jini zuwa cikin nama, sai wasu siraran hanyoyi su kwashe shi, su ratsa da shi ta kaluluwar hammata da ta matsematsi, su mayar da shi cikin jini. Likitoci suna kiran ruwan limf. Idan aka yanke hanyoyin a wajen tiyata, ko tsutsa ta lalata su, ruwan sai ya kwanta kamar yadda ruwan sama ke kwanciya a unguwar da kwatarta ta toshe. Wannan kumburin shi ake kira limfodima, kuma ya fi na jijiya taurin kai.

Aikin safar ɗaya ne a duka biyun: ta danna daga waje don ta rama dannawar da ake yi daga ciki. Tana tsuke faɗin jijiya, jini ya ƙara gudu, ƙyamare su fi haɗuwa, naman sha-raɓa kuma ya sami bangon da zai tokara idan ya motsa. Sirrinta shi ne matsin ya fi ƙarfi a idon sawu, yana raguwa sannu a hankali zuwa gwiwa ko cinya. Safar da ta matse sama fiye da ƙasa ta koma tamkar igiyar da aka ɗaure ƙafa da ita.

Ɗaure ƙafar da ta kumbura da ƙyalle tsohuwar dabara ce. A ƙarshen ƙarni na 19 likitan fata na birnin Hambog, Paul Gerson Unna, ya fito da bandejin da ake shafa wa wani haɗin magani ya bushe a ƙafa, kuma har yau ana amfani da shi da sunansa. Safar zamani kuwa ana danganta ta da Conrad Jobst, injiniya haifaffen Jamus da ya zauna a Toledo ta jihar Ohayo a Amurka. Shi kansa yana fama da ciwon jijiyar ƙafa, sai ya lura cewa idan ya tsaya a cikin ruwan ninkaya yakan sami sauƙi, domin ruwa ya fi dannawa a ƙasa. A wajajen 1950 ya saƙa safar da ke kwaikwayon wannan dannawar.

Lambar da ke jikin kwali

Ƙarfin safa ana rubuta shi ne da mmHg, kuma a nan ne mai saye ya fi faɗawa rami, domin kowace ƙasa da nata rabon. A tsarin Jamus aji na ɗaya 18 zuwa 21 ne, na biyu 23 zuwa 32, na uku 34 zuwa 46, na huɗu daga 49 zuwa sama. A tsarin Ingila aji na ɗaya 14 zuwa 17 ne, na biyu 18 zuwa 24, na uku 25 zuwa 35. Amurkawa sun fi rubuta lambobin kai tsaye, kamar 15 zuwa 20, ko 20 zuwa 30, ko 30 zuwa 40. Ke nan abin da Ingila ta kira aji na biyu kusan shi ne aji na ɗaya a Jamus. A kasuwa irin tamu, inda kaya ke shigowa daga ko'ina, likitan da ya rubuta aji kawai bai gama rubutu ba, mai saye kuma ya dubi lambar mmHg. Kwalin da babu wannan lamba a jikinsa, safa ce kawai mai matsi.

Akwai kuma farar safar da ake sa wa majinyaci a gadon asibiti bayan tiyata. An yi ta ne don wanda ke kwance, matsinta bai wuce kimanin 18 ba, kuma ba ta isa ta riƙe kumburin mai yawo a tsaye. Mutane da yawa suna tafiya da ita gida suna zaton ita ce maganin.

Saƙar ma iri biyu ce. Mai zagaye ba ta da ɗinki, siririya ce, ta fi dacewa da ƙafar da siffarta ba ta canza ba. Shimfiɗaɗɗiyar saƙa tana da kauri da ɗinki a baya, ana yin ta bisa awon mutum, kuma ita ce ake so ga limfodima mai tsanani, domin ba ta nitsewa cikin lanƙwasar fata ta yanke ta. Ta fi tsada nesa ba kusa ba.

Abin da bincike ya tabbatar da abin da ya rushe

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne gyambon ƙafa da ciwon jijiya ya haddasa. Matsi, na bandeji ko na safa, yana sa ya warke da sauri fiye da wanki da shafe-shafe kaɗai, kuma ci gaba da sa safa bayan warkewa yana rage yiwuwar dawowarsa. Haka nan a 2020 wani gwaji da aka yi a Ostireliya a kan masu daɗaɗɗen kumburin ƙafa ya nuna cewa ciwon fatar nan mai zuwa da ja da zazzaɓi ya dawo wa kashi 15 cikin 100 na masu sa safa, alhali ya dawo wa kashi 40 na waɗanda ba sa sawa.

Ga matafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman awa huɗu ko fiye a wuri ɗaya yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya, kodayake haɗarin ƙarami ne, kimanin mutum ɗaya cikin 6,000. Gwaje-gwaje a kan fasinjojin jirgi sun nuna safa mai sassauƙan matsi da ta tsaya a gwiwa tana rage irin gudajin da ke samuwa a ɓoye, tana kuma rage kumburi. Tafiyar maniyyaci daga Kano zuwa Jidda ta shiga cikin wannan lissafi, balle a haɗa da zaman jira a sansanin alhazai da doguwar tafiyar mota tsakanin Makka da Madina. Lafiyayyen matashi motsa ƙafa da shan ruwa sun ishe shi. Wanda ya taɓa samun gudan jini, ko mai ciki, ko mai sankara, ko wanda bai daɗe da tiyata ba, shi ne ya kamata ya tayar da maganar a wajen gwajin lafiyar maniyyata.

Akwai kuma inda bincike ya kunyata al'adar asibiti. Shekara da shekaru ana sa wa masu shanyewar ɓarin jiki doguwar safa don kare su daga gudan jini. A 2009 wani babban gwaji mai suna CLOTS, a kan majinyata sama da 2,500, ya gano cewa ba ta kare su ba, sai ma ta ninka raunukan fata kusan sau huɗu. A 2014 gwajin SOX da aka jagoranta daga Kanada ya nuna cewa sa safa na shekara biyu bayan gudan jini bai hana lalacewar ƙafar da ke biyo baya ba, kodayake har yanzu ana ba da ita don rage ciwo da kumburi. Jijiyoyin da suka riga suka fito kuwa safa ba ta mayar da su, tana dai rage nauyi da zogi muddin tana jiki.

Safar hannun da 'yan ƙwallon kwando ke sawa, wadda Allen Iverson ya yayata bayan ciwon gwiwar hannu a 2001, yawancinta ado ne, kuma hujjar cewa tana ƙara ƙwazo ba ta da ƙarfi.

Hannun da ya kumbura bayan sankarar mama

Idan sankarar mama ta kai kaluluwar hammata, likita yakan cire su, sau da yawa kuma a gasa wurin da na'ura. Kimanin mace ɗaya cikin biyar da suka yi jinyar cutar tana samun kumburin hannun wannan gefen, wata cikin watanni, wata bayan shekaru. Alamun farko ba su da hayaniya: zobe ko awarwaro ya fara matsewa, hannun riga ya ƙi shiga, hannu ya yi nauyi.

Lamarin ya shafi Najeriya ƙwarai. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya na 2022 ya nuna sama da mata 30,000 ne ke kamuwa da sankarar mama a ƙasar duk shekara, kuma yawancinsu ba sa zuwa asibiti sai cutar ta yi nisa, lokacin da cire kaluluwar gaba ɗaya ya zama tilas. Matar da ta tsallake tiyata da allurai da gashi, iyalinta sun sayar da abin da suka mallaka, takan koma gida da hannun da ba ya iya daka ko ɗaukar goyo, sau da yawa ba wanda ya faɗa mata cewa hakan na iya faruwa.

Safar hannu tana farawa daga wuyan hannu zuwa kusa da hammata, kuma galibi ana haɗa ta da ta tafi, don kada ruwan ya gangaro ya taru a yatsu. Idan kumburin ya riga ya yi yawa, ba da safa ake farawa ba. Likitan gashi ne zai yi makonni yana naɗa bandeji hawa-hawa tare da tausa ta musamman da motsa jiki, sai hannun ya sauka sannan a auna safar da za ta riƙe shi a nan. Wani gwaji da aka yi a asibitin Tata da ke Mumbai a Indiya, aka wallafa a 2022, ya nuna cewa sa safar tun bayan tiyata, kafin kumburi ya bayyana, yana rage yawan waɗanda hannunsu ke kumbura a shekarar farko.

Tundurmi

Mafi yawan masu limfodima a ƙasashenmu ba su taɓa shiga ɗakin tiyata ba. Sauro ne ya sa musu wata siririyar tsutsa da ke zama a hanyoyin limf tana lalata su, abin da ke haifar da tundurmi a ƙafa da gwaiwa ga maza. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar a shekarar 2000, an ƙiyasta maza miliyan 25 ke da gwaiwar da ta haddasa, sama da mutum miliyan 15 kuma ke da kumburin gaɓa. Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yi wa katutu, inda aka same ta a ƙananan hukumomi 583 daga cikin 774.

An samu nasara ta ɓangaren rigakafi. Rabon ƙwayoyin ivermectin da albendazole duk shekara, tare da gidan sauro, ya sa a 2017 aka bayyana cewa jihohin Filato da Nasarawa sun kawar da yaɗuwar cutar, da taimakon Cibiyar Carter. Sai dai ƙwayar tana kare wanda bai kamu ba ne. Ƙafar da ta riga ta kumbura ba ta saɓewa don an sha magani.

Ga mai tundurmi, matakin farko ba safa ba ce. Wanke ƙafar ne da sabulu da ruwa mai tsafta kullum, a busar da ita har tsakanin yatsu da cikin lanƙwasa, a kula da kowane ɗan rauni, a ɗaga ta idan an zauna, a motsa ta, a sa takalmin da ya dace. Wannan ne ke rage zazzafan zazzaɓin da ke taso musu lokaci-lokaci, wanda kowane tasowarsa ke ƙara wa ƙafar girma. Matsi yana zuwa ne bayan haka, a hannun wanda ya san aikin, domin safar da aka ɗora a kan fata mai datti ko rauni a cikin zafin Afrilu ƙara cuta take yi. A tsaunukan Habasha da na arewa maso yammacin Kamaru akwai wani kumburin mai kama da wannan wanda tafiya ba takalmi a kan jar ƙasar dutse ke haddasawa, kuma can ma wanka da takalmi da bandeji ne jigon jinya.

Waɗanda bai kamata su sa ba

Babban haɗari yana ga wanda jijiyoyin da ke kai jini ƙafarsa suka tsuke, kamar yadda ake gani ga masu daɗaɗɗen ciwon suga da masu shan taba. Ƙafar da jini ke isa gare ta da ƙyar, idan aka matse ta, nama yana iya mutuwa har a kai ga yankewa. Shi ya sa ake auna bugun jini a idon sawu a kwatanta da na hannu kafin a ba da safa mai ƙarfi. Idan sakamakon ya gaza 0.8 sai da izinin ƙwararre, idan ya gaza 0.5 ba a sawa sam. Mai suga da ƙafarsa ta daina jin taɓi ba zai san safar tana yankarsa ba sai ya cire. Haka nan mai ciwon zuciyar da ya yi tsanani, da mai fatar da ke ruwa ko ta kamu da ƙwayar cuta.

Ba kowane kumburi ne na safa ba. Ƙafa biyu da suka kumbura tare na iya zama alamar ciwon zuciya ko ƙoda ko hanta. Mai cikin da fuskarta da hannuwanta suka kumbura, ga ciwon kai, asibiti za a kai ta a auna jininta a ranar, domin hanyar jijjiga ke nan. Ƙafa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya da zafi tana iya ɗauke da gudan jini, kuma idan numfashi ya fara sarƙewa, gaggawa ce ta rai da mutuwa.

Wanda aka tabbatar ta dace da shi, da safe ake auna shi kafin ƙafa ta cika, a auna zagayen idon sawu da sha-raɓa da tsawon ƙwauri. Da safe ake sawa, a cire da dare sai in likita ya ce akasin haka. Ba a naɗe bakinta idan ta yi tsawo, ba a barin ta da tattara. Idan yatsu suka yi sanyi ko suka canza launi ko suka mutu, a cire nan take. Ana wanke ta da ruwa mai ɗumi a shanya a inuwa, kuma man shafawa mai maiƙo yana cin robarta. Ƙarfinta yakan ƙare cikin kimanin wata shida, don haka ta gwanjo ba ta da wani amfani ko da ta yi kyau a ido.

Wa zai biya

Kayan da ake sabuntawa duk wata shida har ƙarshen rayuwa, ana kuma buƙatar aƙalla biyu don a wanke ɗaya a sa ɗaya, nauyi ne da ke bin iyali shekara da shekaru. A Jamus inshorar lafiya ta gwamnati ce ke ɗaukar mafi yawan kuɗin idan likita ya rubuta. A Amurka kuwa sai da aka yi gwagwarmaya. Shirin Medicare na tsofaffi ya daɗe ba ya biya, har wata uwa daga jihar Karolina ta Arewa, Heather Ferguson, wadda aka haifi ɗanta da limfodima, ta tara majinyata suka yi ta zarya a majalisa. An fara gabatar da ƙudirin a 2010, bai zama doka ba sai a Disambar 2022, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024. Yanzu shirin yana biyan safa uku ta rana ga kowace gaɓa duk wata shida, da biyu na dare duk shekara biyu. Hujjar da masu fafutukar suka riƙe ta lissafi ce: kuɗin safa bai kai na kwantar da mutum a asibiti saboda ciwon fatar da rashinta ke jawowa ba.

A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da aka sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshora ga kowa, amma mafi yawan jama'a har yanzu ba sa cikinta. Safar asibiti kuwa daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta ƙara yin nisa da talaka. Masu iya auna ta da naɗa bandejin limfodima sun fi taruwa a asibitocin koyarwa na manyan birane, alhali masu tundurmi suna ƙauyuka.

Akwai wata ƙa'ida da masu bibiyar gwamnati za su iya riƙewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba ƙasa shaidar kawar da wannan cuta don yaɗuwarta ta tsaya kawai. Sai ƙasar ta nuna cewa a duk yankin da aka san akwai masu tundurmi da gwaiwa, akwai cibiyar da ke ba su kulawar da aka gindaya. Togo ta cika sharaɗin a 2017, Malawi a 2020. Wa'adin da duniya ta sa wa sauran ƙasashe, har da Najeriya, shi ne 2030.